Tunkiyar Tukuici

Faifan da suka ba mu a Nguru yana nan a ƙasan akwatina har yau, cikin wata ambulan da ta sha hannu har ta yi laushi. In ka gan shi sai ka ce na waƙoƙin biki ne. Amma cikin Babanmu ne a kansa, tun daga ƙasan haƙarƙari har mara, kuma kwana biyar na yi ina fama kafin in fitar da abin da ke cikinsa daga Gashua. Na fi shekara goma ina aiki a shagon kwamfuta, na buga wa ɗalibai, na buga wa masu neman aiki, na buga wa masu rigimar gona, amma ban taɓa yin aikin da ya gajiyar da ni kamar na faifan nan ba.

Baba manomi ne, mutumin wani ƙauye a bayan Yusufari. Da rani yana zaune tare da mu a Gashua, yana leƙa kasuwar Kumagannam yana sayo tumaki ya kiwata. Da ruwa ya sauka kuwa sai ya koma gona, ba mu ƙara ganinsa sai kaka. A bazarar wannan shekarar ya fara ganin jini a fitsarinsa. Ya yi wata guda yana ɓoyewa, sai wajen wanki Inna ta gane. Wanda ya zauna a Gashua ya san abin da ke faɗo wa mutum a rai idan aka ce fitsari ya canza. Ba mu da unguwar da ba a yi zaman makokin mai ciwon ƙoda ba. Ba wanda ya furta kalmar a gidanmu, amma tun daga ranar tuwo ya fara kwana a kwano.

Bayan gwaje-gwaje aka tura mu Nguru ɗaukar hoton ciki, irin wanda ake kwantar da mutum a tura shi cikin na'ura. Ni na raka shi. Ya fito yana gyara hula yana cewa an saka shi a rijiyar da aka kwantar da ita. Ma'aikatan sun yi mana kirki, sai dai suka ce mai karanta irin wannan hoton mutum ɗaya ne, kuma layi ya yi masa yawa, mu dawo bayan wasu makonni. Suka kwafa mana hoton a faifai suka ba mu.

Baba yana da aboki a Nguru, wani Alhaji mai sayar da hatsi wanda iyayensa suka zo daga Haɗeja. 'Yar Alhajin likita ce, kuma karanta hoton jiki shi ne aikinta. Da Alhajin ya ji, ya ce ai 'yar gida ce, ita za ta duba. Baba ya ce to a kai faifan tasha a ba direban Kano. Sai da aka yi masa bayani sau biyu cewa tana ƙasar waje tana ƙaro karatu, inda babu direban da ya san hanya.

Mijin Yayata, wanda babu abin da bai sani ba a duniya, ya ce wannan ai abu ne mai sauƙi. Ya zo shagonmu, na buɗe masa faifan, ya ɗaga waya ya ɗauki fuskar kwamfutar sau shida, har da inuwar hularsa a ciki, ya tura mata kamar yadda ake tura hotunan suna. Ba a yi awa ɗaya ba ta kira ni. Ta gaishe ni cikin ladabi, ta tambayi jikin Baba, sannan ta ce in yi haƙuri, abin da aka turo ba zai karantu ba.

Ta yi mini bayani, ni kuma ina saurare raina a ɓace, don na ɗauka iyayi ne irin na masu karatun waje. Ta ce abin da ke cikin faifan ba hoto ɗaya ba ne. Na'urar tana ɗaukar jiki ne siriri-siriri, kamar yadda mai shayi ke yanka burodi, yanka ɗaruruwa, sai an jera su duka suke ba da ciki yadda yake. Ta ce ita kuma waya, idan za ta tura hoto, tana rage masa nauyi ne ta hanyar zubar da duk abin da take ganin ido ba zai yi kewarsa ba. A hoton amarya babu laifi. A hoton ƙoda kuwa, abin da aka zubar ɗin yana iya zama shi ake nema.

Na ce to ai faifan ya yi nauyi, da sabis ɗinmu na Gashua sai dai jikokina su ƙarasa turawa. Ta yi dariya ta ce rage nauyi iri biyu ne. Akwai ninke zane a danna shi cikin akwati, in an buɗe a same shi cif yadda yake, akwai kuma yanke gefensa don ya shiga. Ta turo mini wata manhaja mai yin na farkon. Ta gargaɗe ni cewa ninkewa ba ta rage nauyi sosai, don haka zai ɗau lokaci. Amma manhajar tana da dabara: ba ta tura yanka ɗaya ta gama sannan ta ɗauki na biyu. Tana fara tura cikin gaba ɗaya dishi-dishi, sannan ta riƙa bi tana ƙara masa haske zubi bayan zubi, har ya koma daidai da na faifan, babu ko ɗigo da ya ɓace. In sabis ya yanke kuma, daga inda ta tsaya za ta ɗora.

Washegari tun da sanyin safiya na buɗe shago. Mai shagon ya bar mini kwamfutarsa ta hannu, Allah ya saka masa. Na kunna, wani koren layi ya fito, ya fara rarrafe. Ina buga wa mutane takardunsu ina satar kallonsa. Wani lokaci ya matsa, wani lokaci ya tsaya cak kamar jakin da ya ga ruwa. Da rana ta take, sabis ya ɗauke gaba ɗaya, sai bayan azahar ya dawo. Wajen la'asar ta kira, ta ce zubin farko ya iso.

Ga abin da ta ce, kuma ban manta ko kalma ɗaya ba:

"Ƙodojin biyu suna nan, girmansu daidai, babu kumburi, ban ga wani babban abu ba. Amma 'yar'uwa, abin da ya iso ni inuwa ce kawai. Kada ki gaya wa kowa komai sai sauran ya zo."

Na ce to.

Dole in faɗi wani abu game da matsayina a gidanmu. Ni ce na yi boko da nisa, don haka ni ake miƙa wa kowace takarda. Sakamakon gwaji, sammacin gona, takardar da aka ce ƙanina bai ci jarrabawa ba, duk daga bakina aka ji su. Har ta kai in na shigo da takarda a hannu, Inna takan sauke abin da take yi ta zauna tukuna. Na gaji da wannan matsayi. Ban taɓa shigowa gida aka yi murna da abin da ke bakina ba.

Ranar na tarar da Inna a gaban murhu tana tuƙi. Ba ta tambaye ni ba, ta dai ɗago ta dube ni. Sai na ji bakina yana cewa likita ta kira, ƙodojin suna nan lafiya, babu kumburi, ba ta ga wani babban abu ba. Na ja numfashi zan ɗora sauran. Inna ta saki muciya a cikin tukunya, ta nufi rumfar da Baba ke kishingiɗe, da saurin da na manta tana da shi.

"Malam, albishirinka."

"Goro."

"Fari ko ja?"

"Fari," in ji Baba.

Ba zan ɗora wa Inna laifi ba. Tsakanin murhu da rumfar taku goma ne, kuma ina da baki. Ko bayan ta faɗa, ina iya cewa ku dakata, akwai saura. Na tsaya ina kallon Baba ya tashi zaune, ya shafa fuska, ya yi hamdala sau uku, sai na haɗiye rabin maganar. Na ce wa kaina ai ba ƙarya na yi ba, kuma gobe ko jibi sauran zai iso ya tabbatar.

Baba ba ya karɓar albishir hannu wofi. Ya ce Inna ta kai saƙo ne kawai, mai albishir ta ainihi ita ce wadda ta wuni a gaban kwamfuta. Ya tashi da kansa ya shiga garke, ya kwance wata 'yar tunkiya uda da ya sayo a Kumagannam, gabanta baƙi bayanta fari, ya damƙa mini igiyar. Ya ce, "Uwata, ga tukuicinki." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Daren nan Baba ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Da gari ya waye Inna ta toya wainar sadaka aka rarraba wa maƙwabta. Yayata ta ɗauki waya, kafin hantsi labari ya kai Jajimaji wajen dangin Inna. Mata suka yi ta shigowa barka, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta riƙe hannuna tana ta wushe, wushe, wato sannu da yarensu, tana sa mini albarka. Mijin Yaya ya ce shi dama tun a hotunan da ya ɗauka ya ga babu komai. Na zare jiki na tafi shago. Koren layin bai kai ko rabi ba.

A ranar da yamma aka yi ruwa, na farko mai ƙarfi a shekarar. Saƙo ya zo daga ƙauye cewa can ma ƙasa ta jiƙu. Na dawo na tarar Baba ya fito da sungumi yana duba ƙotarsa, Inna na auna masa irin gero a buhu. Ƙauyen nan babu sabis sai an hau tudun rairayi, kuma Baba in ya shiga gona, wayarsa a cikin jakar kaya take kwana har kaka. Na ce ya ɗan dakata mana kwana biyu sauran hoton ya isa. Ya tambaye ni wane saura kuma, ba an gama ba? Nan ma Allah ya ba ni ƙofa, na ƙi shiga. Na ce a'a, cike takarda ne kawai. Ya yi dariya ya ce ruwa ba ya jiran takarda. Washegari da sassafe ya tafi.

Ruwan da ya ɗauke mini Baba shi ya ɗauke sabis. Rana ta uku koren layin bai matsa tsawon farce ba. Na kashe na kunna, na fita da kwamfutar bakin titi, na ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, duk a banza. Na zagi sabis, na zagi gajimare, na yi wa wani bawan Allah da ya zo buga takardar haya tsawar da bai ci ba. In na koma gida kuma tunkiyar ce ke tarbata da kuka, don ta riga ta san ni ke ba ta dusa. Ban taɓa tsanar dabba kamar yadda na tsani baiwar Allahn nan ba, ita kuwa sai bina take yi.

Rana ta huɗu na ɗauki kwamfutar na shiga motar Nguru, don an ce can sabis bai faɗi ba. Na sauka shagon Alhaji, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a tsakanin buhunan gero. Manhajar ta ɗora daga inda ta tsaya, kamar yadda aka yi alkawari, layin ya fara tafiya. Alhaji ya yi mini barka, ya ce labari ya iso shi tun shekaranjiya, kuma ya kira 'yarsa ya sa mata albarka da ta fitar da abokinsa daga zullumi. Ba a jima ba wayata ta yi ƙara, na fita bayan shagon na ɗauka.

"Me kika gaya musu?" ta tambaya. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi.

Na ce rabin abin da ta ce. Ta tambayi ina Baba yake. Na gaya mata. Ta ce to mu ƙarasa tukuna, wataƙila ma babu komai ɗin. Na kwana gidan Alhaji a ɗakin matarsa. Kashegari wajen hantsi layin ya cika, manhajar ta rubuta cewa abin da ya isa daidai yake da abin da aka tura. Na zauna ina kallon rubutun. Na ɗauka zan ji daɗi, amma gajiya kawai na ji, tun daga wuya har tafin ƙafa.

Ina cikin motar komawa Gashua ta kira. Akwai ƙari a ƙodar hagu. Ƙarami ne, ta ce, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. A cikin ɗaruruwan yankan nan, 'yan kaɗan ne suka nuna shi, kuma a zubin farko ya saje da naman da ke kewaye da shi, sai da haske ya cika gefensa ya fito. Ta ce a yadda yake ana iya cire shi, kuma alhamdu lillahi da aka gan shi yanzu, amma ba abin da za a bari sai kaka ba ne. Tana da abokin aiki a Kano, za ta tura masa hoton yadda yake, a kawo Baba cikin makon nan. Na ce to, na gode. Matar da ke kusa da ni ta miƙo mini ruwan leda ba tare da ta tambaye ni komai ba.

Inna na fara gaya wa, duka, har da abin da na haɗiye. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta nemi kujera ta zauna, irin zaman da ta saba yi in na shigo da takarda. Can ta tambayi wa zai je ya gaya masa. Na ce wadda ta ɓata ita za ta gyara. Da safe na shiga garke na kwance tunkiyar. Inna ta ce mutane za su ce na taɓu, wa ya taɓa ganin an mayar da tukuici? Na ce ni ma ban taɓa gani ba, amma ba zan iya zama da ita a gidan ba.

Daga Gashua zuwa Yusufari a motar kasuwa muka je, tunkiyar a tsakanin ƙafafuna. Daga nan muka hau wata tsohuwar a-kori-kura mai ratsa rairayi, wadda sau biyu muna sauka ana turawa. Tunkiyar ta yi mini fitsari a zane, wani fasinja ya taya ta, na ce ba ta sayarwa ba ce. Inda motar ta ajiye ni akwai sauran tafiyar ƙasa. Ga rana, ga rairayi yana cika mini takalmi, ga dabba tana tirjewa a duk inda ta ga sabuwar ciyawa. Duk hanyar nan ina tsara yadda zan fara magana, ban sami ko ɗaya da ta yi mini ba.

Na hango su daga kan tudu. Baba na gaba yana sara da sungumi, ƙaninsa na biye yana zuba iri yana rufewa da ƙafa. Baba yana tafe yana sara da ƙarfin da na yi wata biyu ban gani a jikinsa ba. Ƙanin ne ya fara ganina ya yi masa magana. Baba ya juyo, ya sa hannu a goshi. Ya dube ni, ya dubi tunkiyar, ya daɗe yana dubanta. Sai ya juya ya ci gaba da sara har ya kai ƙarshen layin, ya jingine sungumin a jikin wata aduwa, ya zauna a inuwa yana jirana.

Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa. Na ajiye igiyar a gabansa.

"Faɗa mini duka, Uwata," ya ce. "Kada ki rage."

Na faɗa masa. Na fara da maganar likita ta ranar farko, tun daga kanta har inda ta ce kada in gaya wa kowa. Na faɗi inda na yanke, da ranar da ya tambaye ni wane saura na ce cike takarda ne. Na faɗi ƙarin, da girmansa, da ɓangaren da yake, da Kano, da cewa ba zai jira kaka ba. Ban yi kuka ba sai da na zo kan wainar sadaka, ban san dalilin da ya sa nan ce ta karya ni ba. Ya saurara yana wasa da rairayi a hannunsa. Ya tambayi ko likitar ta tabbata wannan karon hoton ya isa gaba ɗaya. Na ce ya isa, babu abin da ya ɓace a hanya. Ya gyaɗa kai.

Ya kira ƙaninsa, ya nuna masa inda shuka ta tsaya da inda yake so a sa wake. Ya ce a ajiye masa sungumin a ɗaki, kada a bar shi a rana. Sannan ya ɗauki igiyar ya miƙo mini. Na ce Baba, ban cancance ta ba, albishir ɗin bai tabbata ba.

"Kwana biyar ina barci har sai kiran salla ya tashe ni," ya ce. "Rabona da haka tun kafin zafi ya shigo. Wannan ai ya ci tunkiya. Riƙe abarki."

An yi aikin a Kano kafin gero ya fitar da kai. Baba bai ga amfanin shekarar a tsaye ba, a buhu aka kawo masa shi Gashua yana kwance a rumfarsa, ya sa hannu ya ɗiba ya ce ƙaninsa ya yi sakaci da noma na biyu. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne saukowarmu daga tudun nan ranar. Baba na gaba da jakar kayansa a kafaɗa, bai waiwayi gonar ba ko sau ɗaya. Ni ina baya, ina jan tunkiyar da na sha wahalar kawowa, zan sake shan wahalar mayarwa, ita kuwa tana tsayawa tana cin ciyawa.